Amsoshin Wasiƙunku: Shin Wani Zai Iya Zaɓa Maka Sana'a?

A wannan shafi muna kawo muku amsoshin da aka bayar a rediyo ga wasiƙun masu sauraro, domin wanda bai samu ji ba ya karanta, wanda ya ji kuma ya adana. A wannan mako wasiƙu uku ne suka zo mana daga Jihar Zamfara. Da muka duba sai muka ga ashe duk bakinsu ɗaya, saboda haka muka haɗa su za mu amsa a tare.

TAMBAYA

Ta farko daga wani matashi ce a Sabon Garin Gusau. Ya ce yau shekararsa 3 da gama difloma yana zaune ba aikin yi, sai ya ga wani a Facebook yana kiran kansa kocin rayuwa, wai a biya shi ya nuna wa mutum baiwarsa da sana'ar da ta dace da shi. Yana so ya san mene ne wannan aiki, daga ina ya samo asali, kuma ko ya ranci kuɗi ya biya.

Ta biyu daga wata uwa ce a Tsafe. 'Yarta tana aji 3 na ƙaramar sakandare. Mahaifin yarinyar yana so ta yi aikin jinya, ita kuwa hankalinta yana kan ɗinki. Tana tambaya, maganar wa za a bi?

Ta uku daga wani magidanci ce a Bungudu, manomi, wanda rashin tsaro ya raba da gonarsa ta daji. Ya ce ya haura shekara 40, ko mai irin shekarunsa zai iya kama sabuwar sana'a?

AMSA

To, madalla, mun gode da waɗannan wasiƙu. Bari mu fara da kalmar kanta. Mai sauraron labarin wasanni ya san koci, wato mai horar da 'yan ƙwallo. Asalin kalmar sunan wani ƙauye ne a ƙasar Hungari, Kocs, wanda ya shahara da ƙera keken doki mai ɗaukar fasinja. Wajen 1830 ɗaliban Jami'ar Oxford a Ingila suka riƙa kiran malamin da ke shirya su jarrabawa da wannan suna, wai shi ne keken da ke ɗauke su ya tsallakar da su. To ka ga keke ba ya zaɓa wa fasinja garin da za shi. Fasinja ke faɗa, keke ya kai shi. Mai karatu, ka riƙe wannan da kyau, don a kansa duk amsarmu ta tsaya.

Shi taimaka wa mutum ya zaɓi sana'a ya girmi sunan kocin rayuwa. A 1908 wani Ba'amurke mai suna Frank Parsons ya buɗe ofis a birnin Boston domin matasa masu neman abin yi. Abin da ya koyar guda 3 ne. Na farko, ka san kanka, wato abin da ka iya, da abin da ranka ke so, da inda ƙarfinka ya tsaya. Na biyu, ka san ita sana'ar, sharuɗɗanta da wahalarta da abin da ake samu a cikinta. Na uku, ka zauna ka auna na farko da na biyu cikin hankali. Har gobe duk mai wannan aiki na gaskiya a kan waɗannan ukun yake tafiya.

A Nijeriya kuwa, akan kai tushen abin ga 1959, lokacin da malaman wata makarantar 'yan mata, St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan, suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa ɗalibai masu fita bayanin ayyukansu. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a sa malaman jagoranci da ba da shawara a makarantun gaba da firamare, kuma da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, sai aikinsu ya ƙara nauyi, don a ƙarshen aji 3 ne ake duba inda yaro ya dosa. Shi kuwa sunan kocin rayuwa daga baya ya yi tashe a Amurka, inda aka kafa ƙungiyar kociyoyi ta duniya a 1995.

Wani zai ce, ai iyayenmu ba su san wannan ba kuma sun rayu. Gaskiya ne. Bahaushe yana da nasa tsarin tun da can. Ɗan maƙeri ya tashi a maƙera, ɗan mahauci a mahauta, wanda kuma aka kai kasuwa ya yi wa ubangidansa bauta har a yaye shi a ba shi jari. Da layin dogo ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, garin ya bunƙasa da cinikin gyaɗa da auduga, daga baya masaƙa ta zo ta ɗebi ma'aikata. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, sababbin ma'aikatu suka buɗe, aka ɗauki 'yan makaranta. A duk waɗannan lokuta hanya a shimfiɗe take, yaro bi kawai zai yi. Yanzu masaƙar ta daɗe da rufewa, masu takarda sun fi kujerun ofis yawa, gonar daji kuma ta zama sai da tsoro. Nauyin zaɓi ya dawo wuyan mutum shi kaɗai, shi ya sa ake neman mai taya tunani.

Sai dai a lura da bambanci. Ubangida yana koya maka abin da ya iya, ya ce yi kaza, bar kaza. Koci na gari tambaya yake yi, kai ke ba da amsa, har ka ji da bakinka abin da ka daɗe da sani amma ba ka taɓa tsayawa ka faɗa ba. Wani Baturen Ingila, Sir John Whitmore, tsohon ɗan tseren mota, ya yaɗa wani tsari mai tambayoyi 4 a littafinsa na 1992. Me kake so ka cim ma? Ina kake a yanzu? Waɗanne hanyoyi ne a gabanka? Wacce za ka bi, kuma yaushe za ka fara? Shi ke nan. Da takarda da biro da aboki mai gaskiya, za ka iya yin wannan a zauren gidanku.

Don sanin kai kuma, akwai wani ma'auni mai sauƙi da masanin halayyar ɗan Adam John Holland ya fito da shi a 1959. Ya kasa sha'awar mutane game da aiki gida 6. Akwai masu son aikin hannu, irin su makanike da mai walda da manomi. Akwai masu son bincike, kamar likita da mai gwajin jini. Akwai masu ƙirƙira, kamar tela mai fitar da sabon yayi da marubuci. Akwai masu son hidimar jama'a, irin su malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya. Akwai masu jan mutane da iya ciniki, kamar dillali da ɗan kasuwa. Sai masu son tsari da lissafi, kamar akawu da ma'aji. Ba wanda yake gida ɗaya tak, yawanci mutum yakan ga biyu ko uku sun fi rinjaye a kansa. Kuma ba gidan da ya fi wani daraja. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Yanzu sai mu ɗauki wasiƙun ɗaya bayan ɗaya.

Ƙanena na Gusau, kada ka ci bashi tukuna. Kowa yana iya buɗe shafi ya kira kansa koci, sunan kaɗai ba ya nuna an horar da mutum. Akwai na ƙwarai a cikinsu, kuma ga yadda za ka gane. Ka tambaye shi inda ya koyi aikin, da zama nawa za ku yi, da kuɗin gaba ɗaya tun farko. Idan ya yi maka alkawarin aiki ko arziki cikin wata kaza, ka ja da baya. Idan ya ce sai ka kawo wasu mutane su ma su biya kafin ka ci moriya, wannan wani cinikin ne daban. Idan a zaman farko shi ya fi ka magana, to talla yake yi. Na gari zai bar ka da aikin da za ka je ka yi, ya kuma tambaye ka a zama na gaba ko ka yi.

Kafin ka biya kowa, ka gwada wannan na wata guda. Mako na farko ka rubuta abubuwa 10 da ka taɓa yi suka yi kyau, ko da gyaran rediyon maƙwabta ne ko sasanta abokai. Ka tambayi mutum 3 da suka san ka, waɗanda ba sa jin nauyinka, me suke ganin ka fi iyawa. Mako na biyu ka zaɓi sana'a 2 da suka yi daidai da abin da ka gano. Mako na uku ka je wajen masu yin su, a Tudun Wada ne ko a Babbar Kasuwa, ka nemi izini ka wuni tare da su, ka tambayi jarin farawa, da lokacin da kasuwa ke mutuwa, da abin da ya fi ba su wahala. Mako na huɗu ka yanke shawara ka sa ranar farawa. Ka kuma leƙa ofishin Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wato NDE, wadda aka kafa a 1986, don tana da tsarin haɗa matasa da masu sana'a su koya a hannunsu. Diflomarka ba ta ɓaci ba. Wanda ya iya rubuta lissafin shago ya riga abokan koyonsa da taki ɗaya.

Hajiya ta Tsafe, tambayarki ta zo a kan kari, domin aji 3 mararraba ce. Yarinyar da ke son aikin lafiya, a Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe ne ko a makarantar jinya, sai ta bi ajin kimiyya, ta samu kiredit 5 da suka haɗa da Ingilishi da lissafi da darussan kimiyya. Wadda ta bar kimiyya tun daga aji 4, komawa yana da wuya. Saboda haka kada a yanke hukunci da rana tsaka. Ki roƙi maigida ku duba sakamakonta na shekara 3 tare, ku je wajen malamin shawara na makarantarsu, in babu shi ku ga malamin ajinta. A bar ta ta zauna da wata ma'aikaciyar jinya ta ji yadda aikin dare yake, ta kuma yi hutu ɗaya a wajen tela mace. In kimiyya tana shiga kanta, tana iya riƙe karatun ta yi ɗinki a gefe, ba su hana juna. In kuwa ba ta shiga, tilas ba ta sa a ci jarrabawa. Ɗinki ma yana da makaranta, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha nan a Gusau, wadda aka kafa domin horar da mata, ana koyar da tattalin gida da sana'o'i. Nufin mahaifinta alheri ne, yana so ta tsaya da ƙafarta. A nuna masa hanya ta biyu da hujja, cikin ladabi.

Malam na Bungudu, Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amsar tambayarka ita ce, ƙwarai kuwa. Gona aka raba ka da ita, saninka yana nan tare da kai. Ka san hatsi mai kyau da ido, ka san lokacin da farashi ke faɗuwa da kaka da lokacin da yake tashi da bazara, ka san dabba mai lafiya, ka san manoma sun san ka. Mai shekara 20 ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Don haka ka fara duba sana'ar da ke maƙwabtaka da wadda ka sani, kamar awon hatsi, ko turkar raguna a gida, ko sayar da iri da taki, ko ɗan noman rani a fadamar da ke kusa da gari in hali ya yi. Ka yi wa kanka tambayoyin nan 4, ka ƙara da ta biyar: in abin bai yi ba, nawa zan iya asara iyalina ba su kwana da yunwa ba? Da wannan adadin za ka fara, kada ka wuce shi. Ka sanya uwargida cikin shawarar, don ita ta san abin da tukunya ke ci.

Akwai kuma wata magana da ta shafi ku duka. Koci ba likita ba ne. Idan zaman banza ko tashin hankalin da aka gani ya kai mutum ga rashin barci, ko yawan firgita, ko shan ƙwaya, ko jin rayuwa ta ishe shi, to asibiti za a nufa, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Ba abin kunya ba ne. Sai hankali ya kwanta ake zancen sana'a.

Mai karatu, in ka lura, ba wanda muka zaɓa wa sana'a a cikin mutum ukun nan, don ba mu san su kamar yadda suka san kansu ba. Matambayi ba ya ɓata, amma bayan shawara da addu'a, mai ƙafa shi ke tafiya. Muna roƙon ƙanenmu na Gusau ya sake rubuto mana bayan watan nan guda, mu ji abin da ya gano.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.