Kwarin Gunti Yena da dajin bedi: hanyar ruwa a birnin Yamai

Ruwa iri biyu ne ke cin gidaje a birnin Yamai. Na farko shi ne na kogin Isa. A watannin Agusta da Satumba ƙoramun Sirba da Dargol da Goruwal suna kawo jan ruwa daga wajen Burkina Faso, kogi ya cika ya batse. A Satumban 2020 ma'aunin kogi a Yamai ya kai santimita 700, alhali daga 620 ake shelar babban haɗari. Jinga ta fashe, ruwa ya shiga Lamorde da wasu unguwannin Harobanda, jama'a suka koma zama cikin makarantu.

Na biyu shi ne ruwan sama da ke sauka bisa tudun birni. Wannan babu jingar bakin kogi da ke tare shi, domin ta bayan gida yake zuwa. Hanyarsa tun kaka da kakanni ita ce kwarin Gunti Yena, wanda ya ratsa birni daga arewa, ya bi ta kusa da Bukoki, ya faɗa cikin kogi. A cikin kwarin akwai garake da itatuwa da ƙasa mai shan ruwa. Mai wucewa da rani yana ganin wurin kamar filin banza. Da damina kuwa nan ne ruwa ke shimfiɗa, ya rage gudu, wani ya nutse cikin ƙasa.

Can bayan gari kuma akwai dajin da hukuma ta fara dasawa a shekarar 1965, domin ya yi wa birni ɗamara ta wajen arewa da gabas. An tsara shi da tsawon kilomita 25 da faɗin kilomita 1, mafi yawan itatuwansa bedi ne, wanda wasu ke kira dogon yaro. Don tare iska da ƙura aka dasa shi, amma yana da wani aikin da ba a cika faɗa ba. Ganye yana karya ƙarfin ɗigon ruwa, saiwa tana buɗe ƙasa, busasshen ganye yana hana ta yin ɓawo. Ƙasar da aka sare wa itace takan daskare, ruwa ya gudu bisanta kamar bisa daɓe.

Birni ya girma, kowane magidanci yana son nasa fegi, kuma babu laifi a cikin wannan. Amma an yanka fegu cikin dajin, an yi gini har cikin kwari, an mai da magudanan ruwa juji. Rufin kwano da kwalta da siminti ba su shan ko ɗigo. Duk ruwan da ya sauka bisansu sai ya gangara zuwa ga maƙwabcin da ke ƙasa, wanda sau da yawa gidansa na laka ne. Irin wannan gida daga gindi yake mutuwa: ruwa ya kwana a jikin bango, tubali ya jiƙe, katanga ta zauna, wani lokaci cikin dare, mutane suna barci. Bayan haka ga sauro da zazzaɓi, ga salga da ta cika ta haɗu da rijiya.

Ma'aikacin da ke sa hannu bisa takardar fegi ya kamata ya taka wurin da ƙafarsa a watan Agusta, tun kafin ya ɗauki alƙalami. Shi ma mai saye, in da rani aka nuna masa fili, ya dubi jikin katangun maƙwabta ko akwai zanen da ruwa ya bari, ya dubi irin ciyawar da ke tsiro, sannan ya tambayi masu garka na wurin inda ruwa ya tsaya a daminar 2024.