Ruwan da Ke Cin Mota Ba a Kanta Yake Sauka Ba

Daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Yuni, duk wanda ya shirya fita buɗe ido daga unguwar Domayo ta Marwa a arewacin Kamaru, ko Rumsiki ya nufa, ko kwazazzabon Kola, ko Garwa, tambaya ɗaya yake yi wa wayarsa kafin ya tada mota: yau za a yi ruwa? Waya kuwa ba ta jin kunyar amsawa. Takan nuna masa ɗan gajimare da ɗigo biyu ta ce kashi 40 cikin ɗari, ko ta nuna rana tarwai ta ce babu komai. Da la'asar sai sama ta yi akasin haka, mutum ya yanke hukunci cewa masu hasashen yanayi 'yan shaci-faɗi ne. Wannan hukunci bai yi musu adalci ba, amma yarda da wayar ido rufe ya fi shi haɗari. A ganina kuskuren yana cikin tambayar. Hasashe na da ikon gaya wa matafiyi irin makon da zai shiga da irin zafin da zai sha. Sa'ar da hadari zai faɗo da kwarin da zai cika kuwa, a wannan yanki da wannan lokaci, har yanzu aikin ido ne da kunne da tambayar mutanen da ke gaba.

Bazara lokaci ne na kokawa tsakanin iska biyu. Ɗaya busasshiya ce daga arewa maso gabas, wadda ta kawo mana hunturu da ƙura. Ɗayar mai laima ce daga tekun Atlantika, tana turowa daga kudu maso yamma. Iyakar da ke tsakaninsu tana hawa arewa ne da tafiyar hawainiya, ta yi gaba yau ta ja baya jibi, shi ya sa Garwa kan sha ruwan fari makonni kafin Marwa, alhali tazararsu a kan babbar hanya mai lamba 1 ba ta wuce kilomita 210 da 'yan kai ba. Garwa na samun ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara, Marwa kimanin 800, kuma mafi yawansa ba yayyafin wuni ba ne, zubowa yake yi cikin manyan hadura masu jeruwa kamar sahu, suna tafiya daga gabas zuwa yamma da gudun da kan kai kilomita 50 a sa'a. Kowa a Domayo ya san zuwansu. Iska takan ɗauke ɗif, ganyen dalbejiyar bakin titi ya tsaya cak, gumi ya riƙa tsatstsafowa ko mutum na zaune. Can sai gabas ta yi baƙi ƙirin, ƙasanta kuma ja saboda ƙura, wata iska mai sanyi ta bugo, ledoji su tashi sama, masu gasa kifi da nama su hau tattara kaya, kwanon rufi ya fara ƙara. Wani lokaci ruwa ya biyo baya kamar da bakin ƙwarya. Wani lokaci kuma ƙurar kaɗai za a sha, ruwan ya je ya sauka a wani ƙauye.

Wannan irin hadari shi ne ya fi ba na'urorin hasashe wahala. Manhajar da ke cikin waya ba ta da ido a Marwa, sakamakon lissafin manyan kwamfutocin Turai da Amurka take kawowa, su kuma suna yanka duniya ne gida-gida, kowane gida kilomitoci da dama, alhali hadarin bazara kan fara ne daga gajimare ɗaya da ya taso kan wani tsauni da rana tsaka. Lissafin kuma yana buƙatar awo daga ƙasa, ga shi an daɗe ana kukan cewa tashoshin awon yanayi a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da Hukumar Yanayi ta Duniya ta ce ya kamata a samu ba. A 2018 masana daga Karlsruhe ta Jamus sun gwada hasashen ruwan kwana ɗaya zuwa biyar na manyan cibiyoyin duniya a kan abin da ya sauka a arewacin Afirka mai zafi, suka tarar cewa ko bayan an yi masa gyara da ƙyar yake ɗara lissafin wanda ya duba tarihin ruwan shekarun baya kawai. Saboda haka idan waya ta ce ƙarfe huɗu za a yi ruwa a Mokolo, kama da wane ce, ba ta kai wane ba.

Mai karatu zai iya cewa, to a yar da hasashen mana a huta. Ba a yi haka ba. Na'urorin da ke tuntuɓe a kan ruwa suna taka rawar gani a kan zafi da ƙura, domin waɗannan abubuwa ne masu faɗi da ke rufe ƙasashe a lokaci guda. A Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa kan haura digiri 40, kuma sanin cewa kwana uku masu zuwa za su fi tsanani ya isa ya sa mai hankali ya duba tayoyinsa da ruwan lagireto, ya ƙara jarka, ya bar tsoho da jariri a gida. Akwai kuma hasashe mai dogon zango. Cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai kan tara masanan yankin kafin damina su fitar da hasashen ko za ta faɗi da wuri ko za ta makara. A Kamaru akwai Hukumar Yanayi ta Ƙasa a ƙarƙashin Ma'aikatar Sufuri, da hukumar ONACC da aka kafa a 2009, wadda ke fitar da sanarwa duk kwana goma, yanki-yanki. Irin wannan sanarwa ba za ta zaɓa maka sa'ar tashi ba, amma za ta gaya maka ko makon na shiga hanyar ƙasa ne ko na tsayawa kan kwalta.

Nan ne maganar ta fi nauyi, domin wuraren da suka fi kyau a arewacin Kamaru ba kan kwalta suke ba. Babbar hanya za ta kai ka Figil, ta wuce da kai Pitowa, ka hangi Dutsen Tingelin kafin ka shiga Garwa, kuma ruwan sa'a ɗaya ba ya hana ta aiki. Amma daga Mokolo zuwa Rumsiki, inda duwatsun Kapsiki suka miƙe sama kamar yatsu, hanya ta daɗe da suna wajen ƙasa da tsakuwa da hawa da gangara. A filayen Diyamare kuma akwai baƙar ƙasar da Fulani ke kira karal, wadda ake dasa masakwa a cikinta: da rani ta tsage ta yi tauri kamar dutse, da ta sha ruwa kuwa ta koma sabulu, taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ba banza ba dokar Kamaru ta tanadi shingen ruwa a hanyoyin ƙasa, inda ake tsare manyan motoci har ƙasa ta tsane. Mafi haɗari duka shi ne mayo, wato kogin yashi, kalmar da ke cikin sunan Domayo kanta. Mayo Tsanaga daga duwatsun Mandara yake gangarowa, haka ma Mayo Luti wanda ya sassaƙa kwazazzabon Kola kusa da Gider. Wata da watanni suna kwance babu ɗigo, yara na ƙwallo a ciki, mata na tona yashi suna ɗiban ruwa. Ranar da aka yi ruwa a kan dutse, mai tsaye a gindin kwari yana iya ganin rana tarwai a kansa, sai ya ji wani gurnani daga nesa, sa'an nan ga jan ruwa ya karyo kwana, bakinsa ɗauke da kara da rassa da kumfa. Cikin mintuna kaɗan mashigin siminti da mota ta taka da safe ya nutse. Wayar da ke aljihunsa ba ta yi ƙarya ba da ta ce babu ruwa a inda yake. Ƙarfin waɗannan koguna kuwa Marwa ta gan shi a ƙarshen Agustan 2020, lokacin da gadar Palar ta karye, hanyar Kuseri ta yanke.

Wasu za su ce ai kakanninmu sun yi ta ratsa waɗannan hanyoyi ba tare da wata hukuma ba, alamomin da suka bari sun isa. Alamomin gaskiya ne: zuwan shamuwa, gawo ya fara zubar da ganye lokacin da sauran itatuwa ke tofo, juyawar iska zuwa kudu, nauyin zafin dare. Duka suna faɗar abu ɗaya da na'ura, wato laima ta iso. Sai dai shamuwa tana sanar da shigowar lokaci ne, ba ta bambance Talata da Laraba. Sa'an nan saman da tsofaffi suka karanta ba ita ce ta yau ba. Wani bincike da masanan Birtaniya suka jagoranta, aka buga a 2017 bisa hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna cewa hadura mafiya ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Mashigin da direba ya saba ƙetarawa shekara ashirin yana iya cin amanarsa bana. Masu ganin hasashe kamar shisshigi ne cikin gaibu kuwa, ya kamata su lura cewa mai awon iska da laima bai yi abin da ya wuce na manomin da ya dubi gabas ya ce a kwashe shanya ba. Dukansu alama suke karantawa, kuma dukansu da "in Allah ya so" suke rufe baki.

Abin da ya rage shi ne sa'o'i biyu ko uku na ƙarshe, kuma a nan mutanen tasha sun riga masana. Tunda manyan hadura daga gabas suke zuwa, labarinsu na iya riga su isowa. Yagwa tana gabashin Marwa da kimanin kilomita 100 a miƙe, don haka idan direba ya buga wa abokinsa can ya ce, "Malam, yaya sama a wajenku?" aka ce masa yanzu iska ta taso, yana da kusan sa'a biyu a hannu. Kafin shiga kwari ko ƙetare mayo kuwa, mutanen sama ake tambaya, 'yan babur ɗin da suka gangaro daga Mokolo da safe. Masana ma wannan hanya suka koma: maimakon dogaro ga lissafin gobe, suna bin hadarin da ya riga ya haɗu ta hotunan tauraron Meteosat, wanda sabon samfurinsa da aka harba a Disamban 2022 yake ganin walƙiya. Sauran dabara sammako ce. Hadari ya fi haɗuwa daga la'asar zuwa dare, bayan rana ta dafa ƙasa, don haka wanda ya bar Domayo bayan sallar asuba, ya gama hanyar ƙasa kafin azahar, ya kauce wa mafi yawan haɗarin ba tare da ya san lissafin kowa ba.

Tambayar da ta fi wuyar amsawa ita ce, me ya sa ma za a fita a bazara, ba a bari sai Disamba ba? Hunturu ya fi sanyi da aminci, babu musu, amma hazonsa kan haɗiye duwatsu, mutum ya sha wahalar zuwa Rumsiki ya tarar da farin labule. Ruwan fari ne ke wanke sama, Dutsen Mindif ya fito tsaf daga nesa, kore ya fara tsirowa a kan matakalan gonakin Mandara. Ƙarshen rani ne kuma lokacin da namun dajin Waza ke taruwa a 'yan tafkunan da suka rage. Sai dai a nan akwai hasashe na biyu da babu manhajar da ke bayarwa. Tun Fabrairun 2013, da 'yan Boko Haram suka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a yankin Waza, hanyoyin arewa da Mora da na bakin iyakar Najeriya suka zama sai an tambayi jami'an tsaro da mutanen gari kafin a taka su, kuma amsar takan canza daga wata zuwa wata. Ranar da aka ce a dakata, Mindif na nan kudu da Marwa, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba, ana zuwa a dawo kafin gabas ta fara baƙi.