Kayan Araha a Cikin Jirgin Ruwan Shaƙatawa: Me Ake Samu, Ina Tarkon Yake?

A wannan fitowa za mu leƙa wata kasuwa da ke tafiya a kan teku, wato kantunan da ke cikin manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa.

Irin wannan jirgi gari ne guda. Ɗauki misalin Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean. An ƙera shi a birnin Turku na ƙasar Finlan, ya kuma fara jigila a watan Janairun 2024 daga Miyami ta Amurka zuwa tsibiran Karibiyan. Tsawonsa ya kai kimanin mita 365. Idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja kusan 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Duk waɗannan mutane za su yi mako guda suna ci suna sha suna sayayya a wuri ɗaya. To, me mai ƙaramin ƙarfi zai iya samu a ciki?

Da farko akwai abubuwan da kuɗin tikiti ya riga ya biya. A yawancin jiragen nan, abinci a babban ɗakin cin abinci bai buƙatar ƙarin ko sisi, haka ma wurin da kowa ke zuba wa kansa abin da yake so. Ruwa, shayi, kofi da ruwan lemon tsami mai sukari duk suna ciki. Jirage da yawa suna ajiye injin askirim kusa da wurin ninƙaya, yaro ya matsa ya cika mazubinsa ya wuce. Akwai kuma fiza da ake gasawa har tsakar dare. Ruwan famfon jirgin ma ana sha, domin jirgin yana da injunan da ke cire gishiri daga ruwan teku su tace shi. Wanda ya zo da gorarsa ya huta da sayen ruwan roba.

Sai kuma ƙananan abubuwan da ake saya. Akwai maganaɗisun da ake manna wa firiji, da abin rataya makulli, da katin gaisuwa mai hoton jirgin, da hula, da cakulan. Waɗannan su ne tsarabar masu lallaɓa aljihu. Wasu jiragen sukan shimfiɗa tebura a tsakiyar hanya, a jibge agoguna, gyale, jakunkuna da tabarau, a ce kowane ɗaya dala 10. Ana kuma sayar da sarƙar ado da awon inci, a yanka maka daidai wuyanka. Sai dai mai saye ya tuna cewa yawancinta ruwan gwal aka shafa mata. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Lokacin saye ma yana da muhimmanci. Idan jirgi ya tsaya a tashar wata ƙasa, akan rufe kantunan, saboda dokokin kwastan na ƙasar. Sai ya koma kan teku ake buɗewa a sayar da kaya kamar turare da agogo ba tare da harajin shigo da kaya ba. Riguna masu tambarin jirgi kuwa, sau da yawa ana karya farashinsu a ranakun ƙarshe na tafiya, lokacin da masu kanti ke son kwashe abin da ya rage a aljihun fasinja kafin su sauka. Mai haƙuri ya fi mai gaggawa samun rangwame. Amma kayan buƙata na yau da kullum, irin su man goge baki da maganin jiri, sun fi tsada a jirgi fiye da a gari. Dalili a fili yake: a tsakiyar teku babu wani kanti da za ka je in farashin bai yi maka ba.

Yanzu mu zo kan tarkon. A cikin jirgin ba a ciniki da tsabar kuɗi. Ranar da ka shiga ake ba ka kati, shi ne makullin ɗakinka, shi ne shaidarka, shi ne kuma walat ɗinka. Duk abin da ka saya, a goga katin kawai, a rubuta a asusunka, sai ranar sauka a kawo maka jimilla. Tunda hannunka bai ƙirga kuɗi ba, zuciyarka ba ta jin zafin rabuwa da su.

Mu yi lissafi irin na aji. A ce lemon gwangwani dala 4 ne, kana shan uku a rana. Dala 12 ke nan. A kwana 7 ya zama dala 84. Wasu kamfanoni suna ɗora tukuicin ma'aikata na kashi 18 cikin ɗari a kan kowane abin sha, wato ƙarin dala 15 da 'yan kai. Ka ga an tashi kusan dala 100 a kan lemo kaɗai, alhali shayi da ruwa suna nan ba ko kwabo. Ban da wannan, akwai tukuicin da ake cirewa kowace rana daga kowane fasinja, wanda kan kai wajen dala 16 zuwa 20. Hotunan da masu ɗaukar hoto na jirgi ke yi maka suna murmushi, da intanet, duk da kuɗinsu daban.

Kamfanonin sun san abin da suke yi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar manyansu yana fitowa ne daga abin da fasinja ke kashewa bayan sun shiga jirgi. Shi ya sa ake iya sassauta kuɗin tikiti, a jira mutum a ciki. Da yayyafi kogi kan cika.

Fasinja masu wayo suna yin abu uku. Suna yanke adadin da za su kashe tun kafin su tashi. Suna duba asusunsu kullum ta talabijin ɗin ɗaki ko ta manhajar waya. Kafin su sayi abu kuma, sukan tambayi kansu ko akwai irinsa a cikin abin da tikiti ya riga ya biya.

'Yan uwa, ba sai mun hau teku wannan darasi zai yi mana amfani ba. Katin ATM da turin kuɗi ta waya suna yi wa mutum irin wannan wayon. Gwada rubuta duk abin da ka kashe daga kuɗin tararka na mako ɗaya, har alawa da ruwan leda, ka haɗa jimilla ranar Juma'a. Wanda ya gwada, ya kawo wa ƙungiyar 'yan jarida sakamakonsa, za mu tattauna a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.