Babur ɗin ƙanƙara: Aikin da ake yi wa tsoho kafin ya iya hawan dutse

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram a lokacin hunturun Turawa, da wuya ba ka ci karo da bidiyon wani matashi yana keta dusar ƙanƙara a kan dutse da wani abin hawa mara taya ba. Wannan shi ne babur ɗin ƙanƙara. A gabansa akwai sanduna biyu masu sulɓi, a ƙarƙashinsa kuma wata faffaɗar roba mai haƙora ce ke juyawa irin ta katafila.

Ba duka ne sababbi ba. A jihohin Amurka masu duwatsu irin su Montana da Idaho, da yammacin Kanada, matasan da sabo ya fi ƙarfin aljihunsu kan sayi tsofaffin da aka ƙera kafin shekarar 2000, su shige gareji da su. Kamfanin Bombardier na Kanada ya fara sayar da Ski-Doo tun 1959, amma sai da samfurin Summit ya fito a 1994 masu hawan dutse suka samu nasu na musamman. Polaris ta biyo baya da RMK, Yamaha kuma da Mountain Max.

To, ina matsalar tsofaffin? Robarsu gajeriya ce, yawanci inci 136, haƙoranta kuma ƙanana. Na yanzu kan wuce inci 160, da haƙora masu kai inci 3. A dusa mai zurfi, gajeriyar roba rami kawai take haƙa wa kanta. Ga kuma ƙarancin iska: duk hawan ƙafa 1,000, inji kan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa. A tsayin ƙafa 10,000 ka ga kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi ke nan.

Saboda haka sai mutum ya sa doguwar roba. Amma fa doguwar roba nauyi ce, injin da ya riga ya galabaita ba zai juya ta yadda ya kamata ba. A nan ne hankali ke komawa kan akwatin cen.

Ƙarfin inji yana bi ta kuloci biyu da bel ya haɗa, ya shiga wata sandar ƙarfe, sannan ya isa wannan akwati. A ciki akwai ƙaramin faranti mai haƙora a sama, babba a ƙasa, da cen da ke wanka cikin mai. Duk wanda ya taɓa ganin bakanike yana canza wa babur cen da farantinsa ya san lissafin. A ce na sama haƙora 22 ne, na ƙasa 40. Idan aka mayar da na sama 19, gudu zai ragu, ƙarfin ja ya ƙaru, bel ɗin ma ya rage zafi. Mai hawan dutse ba tsere yake ba, ja yake nema.

Masu zurfafawa ba sa tsayawa nan. Dogayen haƙora na buƙatar sarari, in ba haka ba su riƙa gogar jikin babur ɗin. Wasu kan sa ƙananan ƙafafun da ke jan robar, masu haƙora 7 ko 8 a madadin 9. Wasu kuwa kwance akwatin suke yi ɗungurungum, su huda sababbin ramuka, su sauke shi ƙasa tare da matsar da shi baya kaɗan. Aiki ne na awo. Sandunan biyu suka kauce wa saiti ko da kaɗan ne, boris zai mutu, bel ya riƙa tsinkewa, mai ya fara yoyo. Kuma da ka taɓa wuri ɗaya, sai ka sake saita kuloci, ka duba tsawon cen, ka gyara ɗaurinsa.

Ga abin da bidiyon daƙiƙa 30 ba ya nunawa. A yawancin tsofaffin nan, birki yana kan sandar sama ne, kafin akwatin. Cen ya tsinke a gangara, shi ke nan, kana matsa birki robar na ci gaba da gudunta. Idan ma ka tsira, kana can nesa da gari cikin sanyi mai kisa, wataƙila babu ko sabis. Shi ya sa gogaggu ba sa fita su kaɗai, kuma sukan riƙe shebur da na'urar gano wanda zaftarewar ƙanƙara ta binne.

Kayan gyara ma nema suke su zama gwal. A 2023 Yamaha ta sanar cewa samfurin 2025 ne na ƙarshe da za ta ƙera, don haka masu Mountain Max sun ƙara dogara da kasuwar gwanjo da junansu a zaurukan Facebook.

In ka sake ganin tsohon babur ya haye ƙololuwa ana ta zuba masa laik, ka tuna cewa kafin a kunna kyamara, wani ya shafe makonni a gareji yana ƙirga haƙora.