Limamin Cocin Da Ya Ja Da Einstein, Ya Kuma Taka Wa Fafaroma Burki

A watan Oktoban 1927 manyan masanan kimiyyar fiziks suka hallara a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam domin taron Solvay. A gefen taron ne wani matashin limamin cocin Katolika, sanye da baƙar riga mai farar kwala, ya tari Albert Einstein da wata magana. Ya ce lissafin da ya yi bisa ka'idar shi Einstein ɗin ya nuna sararin samaniya ba tsaye yake cik ba, buɗewa yake yi kullum. Einstein ya ce masa lissafin dai ba shi da aibu, amma fahimtar da ya ɗora a kai ba ta ko kama hanya ba.

Limamin shi ne Georges Lemaître, haifaffen garin Charleroi a 1894. Yana cikin karatun injiniya a Jami'ar Katolika ta Louvain yaƙin duniya na farko ya ɓarke, ya ajiye littafi ya shiga soja, ya yi aiki a rundunar igwa har ya samu lambar jarumta. Da ƙura ta lafa ya koma kan lissafi da fiziks, ya kuma shiga makarantar horar da limamai, aka naɗa shi a 1923. Daga nan ya wuce Ingila wurin Arthur Eddington a Kambirij, sannan Amurka, inda ya yi bincike a Harvard da MIT.

A Amurka ya ci karo da awo iri biyu. Vesto Slipher ya auna saurin da gungun taurari suke nesanta da mu, Edwin Hubble kuma ya auna nisansu. Lemaître ya haɗa biyun, ya ga duk wanda ya fi nisa ya fi gudu. Kamar a ɗiga tawada a jikin balan-balan ne a hura shi: ɗigon ba ya tafiya da kansa, robar ce ke miƙewa tana raba su. Ya buga wannan a 1927 da Faransanci, a wata mujallar Beljiyam da ba kowa ke leƙawa ba. A 1929 Hubble ya fitar da nasa sakamakon, suna ya tafi gare shi. Da aka zo fassara takardar Lemaître zuwa Turanci a 1931, sai aka ga babu sashen da ya riga Hubble. An daɗe ana zargin wani ne ya yi masa zagon ƙasa, sai a 2011 masani Mario Livio ya gano wasiƙar da ta nuna shi da kansa ya cire, don yana ganin awon Hubble na baya-bayan nan ya fi wanda ya yi aiki da shi.

A 1931 ɗin ya ƙara taku ɗaya. Ya rubuta wa mujallar Nature cewa in dai sararin samaniya buɗewa yake yi, to in aka bi sawunsa baya za a tarar da komai a dunƙule wuri guda. Ya kira wannan ƙwayar asali. Nan fa aka fara kallonsa a kaikaice: limamin coci ya zo da ka'idar da ke cewa duniya tana da mafari, anya ba Littafin Farawa ya saka wa rigar lissafi ba? Einstein ya ce abin ya cika ƙamshin labarin halitta. Fred Hoyle na Ingila, mai ra'ayin cewa sararin samaniya ba shi da farko, shi ya laƙaba wa ka'idar sunan Big Bang a wani shirin rediyon BBC a 1949.

Abin da masu zargin ba su sani ba shi ne, a daftarin wasiƙar tasa ta Nature akwai sakin layi na ƙarshe da ya ambaci Allah. Lemaître ya ja masa layi ya soke kafin ya aika.

A ranar 22 ga Nuwamban 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a gaban Majalisar Kimiyya ta Fadar Vatican, ya nuna cewa binciken zamani ya zama shaida ga lokacin da Allah ya umarci haske ya kasance. Wani zai ɗauka Lemaître zai yi murna, tunda shugaban cocinsa ne ya ɗaga aikinsa. Ransa bai so ba. Kafin babban taron masanan taurari na duniya da aka yi a Rum a 1952, shi da Daniel O'Connell, shugaban cibiyar duban taurari ta Vatican, sun isar wa Fafaroma da damuwarsu. Da Fafaroma ya yi wa mahalarta taron jawabi, bai sake ɗaura ka'idar da Littafin Farawa ba.

Dalilin Lemaître biyu ne. Na farko, ka'idar kimiyya sabon awo na iya rushe ta gobe, kuma wanda ya jingina bangaskiyarsa da ita tare za su faɗi. Na biyu, ya bambanta mafari da halitta. Mafari shi ne iyakar inda lissafi zai iya kai mutum in ya koma baya. Halitta kuwa magana ce a kan dalilin da ya sa akwai wani abu tun asali, da wanda yake riƙe da shi, kuma madubin hangen taurari ba ya amsa wannan. Ya kan tuna da Annabi Ishaya, wanda ya siffanta Allah da mai ɓoye kansa.

Game da kwanaki shida na halitta, ya shaida wa jaridar New York Times a 1933 cewa Littafi Mai Tsarki hanyar ceto yake koyarwa, ba kimiyya ba. Marubutansa an haskaka su a kan ceto, a sauran al'amura kuwa sanin zamaninsu gare su. Ya ce hanyoyi biyu ne ke kai wa ga gaskiya, shi kuma ya zaɓi ya bi duka biyun. Ba duk Kirista ne suka yarda da shi ba. Har yau akwai masu riƙe da kwana shida na zahiri da duniya mai shekara dubu shida.

Shaidar ka'idar Lemaître ta zo daga inda ba a zata ba. A jihar New Jersey, Arno Penzias da Robert Wilson suna fama da wata ƙara a eriyarsu. Suka kori tantabarun da suka yi sheƙa a ciki, suka kankare kashinsu, ƙarar tana nan ta kowace fuska. A 1965 suka sanar da ita, aka gane ragowar zafin mafarin nan ne. Odon Godart, mataimakin Lemaître, ya kai masa labarin yana kwance a gadon jinya, Lemaître ya rasu a ranar 20 ga Yunin 1966, yana shugaban Majalisar Kimiyya ta Vatican.

Yau masana sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya a kan biliyan 13.8. A 2018 Ƙungiyar Masanan Taurari ta Duniya ta kaɗa ƙuri'a, ta amince a riƙa kiran dokar buɗewar sararin samaniya da sunan Hubble da Lemaître tare.