Suna da Mazauni a Duniyar Intanet

Idan ɗalibi a Gazara, ko a Ikara ko Kudan, ya rubuta abu.edu.ng a wayarsa domin neman labarin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, abin da ya rubuta suna ne, alhali kuwa na'urori ba su san suna ba, lamba kaɗai suka sani. Saboda haka kafin shafin ya bayyana, wajibi ne a yi tambaya a sami jawabi, duk kuwa kafin ƙiftawa da bismilla.

A farkon al'amari sunayen kwamfutoci duka a kundi guda suke, wanda ake ajiyewa a cibiyar bincike ta Stanford a Amurka, kowa ya kwafa. Amma da yawansu ya rinjayi kundin, sai Paul Mockapetris ya tsara nizamin DNS a 1983, ya raba amanar sunaye daraja-daraja. Tambaya takan fara daga tushe, inda akwai sabobi, wato kwamfutocin da ke amsa tambaya, masu sunaye 13. Su nuna mai riƙe da .ng, wato hukumar NiRA da aka kafa a 2005. Ita kuma ta nuna sabar da ke riƙe da sunan jami'ar, wadda daga gare ta ake karɓo lambar.

Sai dai wannan hikima tana da naƙasu, domin adireshin shafi, irin wanda Tim Berners-Lee ya ƙago a cibiyar CERN, mazaunin abu yake ambatawa, ba zatinsa ba. Da zarar an sauya wa takarda wuri, sau da yawa mai nema ba ya samun komai face lamba 404, alamar ba a same ta ba. Malamanmu na zaure sun daɗe da tsira daga wannan, domin idan suka ce sura kaza a izu kaza, to ko mus'hafin rubutun hannu ne na Barno, ko bugun Misira, wurin ba ya ɓata. Irin wannan manufa ce ta haifi lambar DOI, wadda ke bin maƙala duk inda ta ƙaura.

Don haka ya wajaba ga masu ɗora littattafanmu na ajami da na boko a intanet, su ba kowane suna tabbatacce, su kuma riƙe alƙawarin kiyaye shi. In ba haka ba, littafi yana nan raye, amma an yanke hanyar isa gare shi.