MINDELO: SAHEL A TSAKIYAR TEKU

Yau za mu kai ku ƙasar Kap-Ber, tarin tsibirai goma da ke cikin tekun Atlantika, yamma da Dakar. A tsibirin San-Bisenti ne birnin Mindelo yake, mai mutum wajen dubu 70, kuma tasharsa ta jiragen ruwa, Porto Grande, ita ce mafi girma a ƙasar.

Baƙon da ke son ganin wurin da idonsa yakan yi hayar wata ƴar mota da ake kira bugi. Ba ta da ƙofa, ba ta da gilashi, sai kujera biyu da ƙarafan da suka kewaye matuƙi, da manyan tayoyi masu jure rairayi da duwatsu. Mai haya zai duba permi, ya karɓi jingina, ya nuna maka birki, shi ke nan, kai ne direban kanka. Hannun dama ake bi, kamar a gida.

Mun fara da bakin tashar. An ce bakin wani tsohon dutse mai aman wuta ne da teku ta cinye, shi ya sa ruwan ke da zurfi, kuma a kwance. Wannan zurfi ne ya haifi birnin. Tun wajen 1850 kamfanonin Ingila suka kafa rumbunan gawayin dutse a nan, domin jiragen da ke zuwa Amurka ta Kudu da kudancin Afirka su tsaya su yi guzuri. A 1874 wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku ta iso. Da tashoshin Dakar da Las Palmas suka bunƙasa, jirage kuma suka koma ga mai, sai kasuwa ta watse, ta bar wa mutanen gari wasan kirket da wasu kalmomin Ingilishi a cikin harshensu na Kiriyol.

Cikin gari bugi ba ta da wani amfani, gaskiya. Titunan ƙanana ne, an shimfiɗe da yawansu da duwatsu, ƙarar injin kuma tana sa tsofaffin da ke zaune a dandalin Amilkar Kabral su bi ka da harara. Gara a ajiye ta a taka da ƙafa: kasuwar kifi, hasumiyar da aka kwaikwayo daga ta Belem a Lisbon, tsohuwar fadar gwamna mai launin hoda, da lakwal ɗin da shi Kabral ya yi karatu kafin ya jagoranci gwagwarmayar da ta kai ƙasar ga mulkin kai ranar 5 ga Yuli 1975. Nan ne kuma garin mawaƙiya Sezariya Ebora, wadda ta rasu a 2011, aka sa wa filin jirgin sama sunanta.

Sai an juya wa teku baya bugi take nuna ranarta. Minti goma da barin gidaje masu fenti, ƙasa ta koma ja, tsandauri, sai ƙaya da awaki. Mun hau Monte Berde, wato Koren Dutse, mai tsawon metir 750 ko kusa da haka, amma a watan da muka je sunan kawai ya rage. Daga ƙololuwarsa ana hangen kusan tsibirin duka, mai faɗin murabba'in kilometir 227, babu kogi ko ɗaya mai gudu. Ruwan da ke sauka a shekara da ƙyar yake wuce milimetir 100, kamar dai a Agadez. Hatta hazon da ya dushe mana ido ba baƙo ba ne: ƙurar hunturu ce daga Sahara, wadda kan ƙetare teku har ta hana jiragen sama sauka. Ba banza ba Kap-Ber take cikin CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari a Sahel da aka kafa a 1973, mai cibiyar Agrhymet a Yamai. Su ma sun san yunwa. Ta 1947 ta kashe dubban mutane a tsibiran.

To, me mutum dubu 70 ke sha? Teku. Da, jiragen ruwa ne ke yi musu ga-ruwa daga tsibirin Santo-Antawo, wanda ake hangowa tsallaken mashigi. Tun shekarun 1970 aka koma tace ruwan gishiri. A yau injina ne ke matsa ruwan teku da ƙarfi ta cikin wata rariya mai tsananin ƙanƙantar ido, gishiri ya tsaya, ruwan daɗi ya wuce. Aikin yana cin lantarki, lantarkin kuma mafi yawansa da man da aka sayo daga waje ake yin sa, ko da yake an kafa injinan iska bisa tuddai. Saboda haka ruwan famfo yana da tsada, kuma a unguwannin gefen dutse za ka ga mata da yara da bidoji, abin da ba ya cikin hotunan da ake tallar birnin da su. Kayan miya ma da ayaba yawanci jirgin Porto Nobo ke kawo su, tafiyar awa guda.

Daga dutsen muka gangara Bayiya-das-Gatas, inda ake bikin kiɗa kowane Agusta tun 1984, muka bi gaɓa zuwa ƙauyen masunta na Kalyaw. Rairayin bakin teku yana jan hankalin mai bugi, amma kada ya yarda. Daga Yuni zuwa Oktoba kunkurun teku na binne ƙwai a irin wannan rairayi, taya guda ta isa ta hallaka gurbi. Wanda ya biya kuɗin haya bai sayi gaɓar ba.

Hanyar komowa ta ratsa kwarin Kalyaw, inda ƴan lambuna ke rayuwa da rijiyoyin da fanka mai iska ke ja. La'asar sakaliya muka mai da motar, mu da ita duk mun yi buɗu-buɗu. Yaron gareji ya ɗebo ruwa rabin bokiti da tsumma, da shi ya wanke ta tas, ragowar kuma ya kai gindin wata ƴar bishiya ya zuba.